Shuɗin da Ya Kuɓuce wa Mastu Liborio

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gadi a Pompei, tsohon garin nan da Dutsenmu mai aman wuta ya binne da toka tun zamanin Romawa. Sunana Sabatino. Cikin duk mutanen da suka shiga suka fita ta gabana, masu tono da masu awo da baƙi masu laima, babu wanda yake yawan faɗo mini a rai kamar Liborio Amitrano. Mastu Liborio muke ce masa, kamar yadda muke kiran duk wanda ya ƙware a sana'ar hannu.

Ɗan garin Torre ne kamar ni, layinmu ɗaya. Ubansa fentin jiragen masunta yake yi a bakin teku, shi ma can ya fara, yana rubuta sunayen waliyyai a goshin jirage. Wani fadan coci ya ga hannunsa, ya kai shi Napoli ya koyi zane shekara huɗu. Ya dawo mana da ɗan akwatin katako, da kujera mai naɗewa, da taurin kan da ya ishi mutum uku.

Idan masu tono suka kwashe toka daga jikin bango, zanen da mutanen da suka yi a kai yakan fito ɗanye sharaf, kamar jiya mai fentin ya wanke hannu ya tafi gida. Ja ya yi jawur, baƙi yana sheƙi har ka ga inuwarka a ciki. Amma daga ranar da ya ga rana ya fara mutuwa ke nan. Zafi ya doke shi, ruwan sama ya bi ta bayansa, gishiri ya tsattsafo ta gaba. Shekara uku, huɗu, sai ya koɗe kamar tsohuwar riga. Waɗanda manya suka zaɓa akan yanko su a kai Napoli a adana. Sauran nan ake barin su, kuma ba abin da zai saura daga gare su sai abin da irin su Liborio suka kwafa a takarda da fentin ruwa.

Yakan zauna gaban bango kusan awa guda bai taɓa buroshi ba, kallo kawai. Sannan ya ce in jiƙa masa. In sa soso a bokiti in shafa a hankali, launi ya farfaɗo na ɗan lokaci, shi kuma ya dama nasa da sauri kafin bangon ya bushe. Abin da ya gani shi yake sawa. In bango ya tsage, tsagar tana takardarsa. In fuska ta ɓalle rabi, rabi zai zana.

Wani baƙo ɗan Ingila ya taɓa tsayawa a kansa yana kwafar wata mai rawa da hannunta ɗaya ya gutsure. Ya ce wa tafintansa yana son takardar, amma a cika mata hannun.

Liborio bai ko ɗago ba. Ya ce wa tafintan, "Ka ce masa hannun yana wajen Dutse. Ya hau ya karɓo, in zana masa."

Da suka wuce na ce, "Kumpa, ka kori abincin ranarka."

Kumpa muke kiran juna tun ranar da na riƙe 'yarsa a coci aka yi mata baftisma.

Ya ce, "Kai me ka sani? Kai da Dutse zai binne ka, ba wanda zai ɓata shebur ɗinsa ya tono ka."

Na ce, "Kai kuwa ba sai an tono ba, hancinka zai leƙo daga toka da kansa."

Haka muke yini.

Matarsa Fortunata ta rasu 'yarsu Orsola tana da shekara tara. Bai sake aure ba. Orsola ta tashi cikin warin fenti, tana kallon hannunsa tun bai san tana kallo ba, har ta kai idan ta kwafi abu sai ka duba da kyau kafin ka raba nata da nasa. Shi dai yakan ce, "Ba laifi," ya wuce. Ta zama budurwa mai shiru, doguwa, ita ke riƙe da gidan, ita ke kawo masa abincin rana a ƙunshe cikin ƙyalle, ita kuma ke kai takardun da ya gama ofishin masu kula da tono da ke bakin ƙofa.

Yana kusa da sittin ya fara ƙorafi. Wai masu sayar da fenti a Napoli sun lalace, shuɗin yanzu ba shi da rai. Wai rana ma ba ta haske kamar da. Muka riƙa yi masa dariya, muna cewa tsufa ne. Sai wata rana na leƙa ta bayan kafaɗarsa yana kwafar mayafin wata mata a bango. Mayafin shuɗi ne garau kamar sama bayan ruwa. A takardarsa kuwa wani abu ne tsakanin kore da toka, kamar ruwan da aka wanke kifi. Ya karkata kai yana kallon bangon, ya kalli takardar, ya gyaɗa kai don gamsuwa.

Na ɗauki bokitina na ja gefe.

Da rana ta yi tsaka ya ci burodinsa da tumatir da ɗan kifin gishiri, ya jingina da ginshiƙi ya rufe fuska da hula kamar kullum. Orsola ta ja ni bayan wani bango.

Ta ce, "Kawu, ka gani, ko?"

Na ce, "Na gani."

"Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Na lura tun bara. Layin zanensa yana nan daidai, launi ne ya gudu. In ya ba ni in kai ofis, sai in sake a gida in kai nawa." Ta buɗe ƙyallen abinci ta nuna mini wasu 'yan guntayen takarda da ɗan kwanon fenti. "Yana barci nake ɗaukar launin daga bango. Ka rufa mini asiri, ka riƙa jiƙa mini."

Na ce, "Orsola, wannan mutumin bai taɓa ƙara wa bango ko gashin gira ba. In ya ji fa?"

Ta ce, "In ya ji ya makance, me ya rage masa? Ka san shi. Zai zauna a ɗaki ya mutu."

Na san shi ɗin. Na ɗauko soso.

Shekara biyu muka yi haka. Yana minshari a gindin ginshiƙi, ni ina jiƙa bango, ita tana ɗiga launi a guntayen takarda. A ofis har yaba shi ake yi, ana cewa Mastu Liborio yana tsufa hannunsa yana ƙara kyau. In aka faɗa masa sai ya murza gashin baki ya ce, "Yo da me kuke tsammani?" Ni kuma in dubi ƙasa.

A kakar shekara ta uku Orsola ta kwanta da zazzaɓin ciki, irin wanda ke ɗaukar mutane a layinmu duk shekara. Mako biyar tana kwance, ƙanwar uwarta tana jinyarta. A cikin waɗannan makonni ne masu tono suka buɗe wani ɗan gida a lungun da ke gangarawa kudu. Gidan talaka ne, ɗaki uku, da tulunan giya a zaure. Amma ɗakin ƙarshe, da aka kwashe tokar, masu tono suka ajiye kwanduna suka tsaya kallo.

Bango huɗun duk shuɗi ne tun daga ƙasa har sama. A kansa an zana lambu: itatuwan rumman da 'ya'yansu sun fashe, kurciyoyi a bakin wata tasa ta farin dutse, ɗaya ta sunkuya tana sha. Ɗakin ba shi da taga, wanda ya yi shi ya so ya zauna a waje ne alhali yana ciki. Na ga shuɗi iri-iri a garin nan, ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. In ka tsaya a tsakiya sai ka ji kamar iska tana kaɗawa.

Liborio ya shigo ya cire hula. Ban san me idonsa ya nuna masa ba, amma ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Kumpa, wannan nawa ne."

Kwana goma sha ɗaya ya yi a ciki. Ɗakin ƙarami ne, kujerarsa da akwatinsa sun cika shi. A kwana na uku wani saurayi Bajamushe mai koyon zanen gine-gine ya zo da allonsa, ya roƙi a ba shi gefe shi ma ya kwafa. Liborio ya ce, "Ɗana, ɗakin ya yi mana kaɗan mu biyu. Ka dawo in na gama, ba inda bangon zai je." Yaron ya duba ni. Ni ne mai gadi, kalma ɗaya zan faɗa a matsa masa. Na ce ya yi haƙuri ya dawo. Mako bai zagayo ba ya bar garin.

Kullum ina jiƙa bango, kullum ina ganin abin da ke sauka a takarda. Layin kurciyoyin kamar su tashi, ko wace tsaga tana wurinta. Sararin kuwa ruwan kududdufi. Ina ce wa raina, Orsola za ta warke, ta zo ta gani, ta gyara. An riga an kawo katako za a yi wa ɗakin rufi.

Ba a kai ga kafa shi ba ruwa ya sauko, kwana shida bai ɗauke ba. Da ya ɗauke, sanyi ya biyo irin wanda ba mu saba ba, har ruwan bokiti ya daskare. Da safe na buɗe lungun na tarar bango uku sun zube daga sama har ƙasa, shafen ya rabu da dutse ya tarwatse cikin laka. Na huɗun ya kumbura ya yi fari fat, da na taɓa sai ya biyo yatsana. Na durƙusa ina tsintar gutsattsarin ina zubawa a hula, ban san me zan yi da su ba.

Da Liborio ya ji, sai ya ce, "Mun gode Allah da na riga ruwan." Ya naɗe takardunsa huɗu ya ce in raka shi ofis, tunda Orsola ba ta iya tashi.

Na ce, "Kumpa, ka bari ta warke ta kai mana."

Ya ce, "Ƙafata ta karye ne?"

Jami'in da muka tarar matashi ne mai ladabi, yana ganin girman Liborio ƙwarai. Ya shimfiɗa takardun a tebur, ya duba, ya sake dubawa. Ya jawo na watannin baya daga aljihun tebur ya jera kusa da su.

Ya ce, "Mastu, wa ka ba ya shafa maka launin? Wannan ai ba hannunka ba ne."

Liborio ya ce, "Ban gane ba, ranka ya daɗe."

"Na shiga ɗakin nan da kaina. Shuɗi ne. Wannan kuwa..." Sai ya dubi idon tsohon, ya dube ni. Ya ce, "Wataƙila hasken ɗakin nan ne ba shi da kyau."

Liborio ya naɗe takardunsa a hankali, ya yi sallama. Muka kama hanyar Torre a ƙasa, kekunan doki suna wuce mu. Mun yi nisa kafin ya tsaya gefen hanya ya warware ɗaya.

Ya ce, "Sabatino." Rabon da ya kira sunana haka na manta. "Wane launi ne nan?"

Na ce, "Toka ne da ɗan kore."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan, in an haɗa da wadda ban sani ba."

"Waɗanda yaron nan ya nuna mini fa?"

"Orsola."

Ya naɗe takardar. Muka ci gaba da tafiya har gidansa.

Orsola tana zaune bakin gado, ta rame, an aske mata kai saboda zazzaɓin. Tana ganin fuskokinmu ta gane. Ta fara kuka tana cewa, "Baba, ka yafe mini, tsoro na ji."

Ya zauna kusa da ita, ya kama hannunta yana shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Aikinki ya yi kyau. An daɗe ana faɗa mini, ashe ba ni ake nufi ba." Sai muryarsa ta canza. "Ba don kun mai da ni wawa nake jin zafi ba. Kwana goma sha ɗaya na zauna a bakin ɗakin nan kamar kare a kan ƙashi. Yaro ya zo da ido biyu lafiyayyu, na kore shi. Da ɗayanku ya buɗe baki, da ni zan riƙe masa bokiti." Ya juyo wajena. "Ita yarinya ce, ubanta take ji. Kai fa? Kana tsaye a wurin."

Na juya na fita.

Da Orsola ta samu ƙarfi ta ce za ta gwada. Layin ubanta yana nan, gutsattsarin da na tsinto suna nan. Amma da suka bushe gishiri ya rufe su, ko an jiƙa ba sa komawa yadda suke. Ta dama shuɗi kala-kala a guntayen takarda, na kira masu tono uku da suka ga ɗakin. Ɗaya ya ce wannan ne, ɗaya ya ce a'a ya fi haka duhu, na uku ya ce kamar rigar Uwar Yesu da ke cocinsu. Ni da na yi kwana goma sha ɗaya ina shafa shi da soso, da aka jera mini su gabana na rasa wanda zan nuna. Liborio yana zaune a lungu yana jin mu. Daga ƙarshe ya ce, "Ya isa. Ba ki gani ba, ba za ki zana ba."

Washegari ya ce ta ɗauko alƙalami. Ya sa ta rubuta a bayan ko wace takarda cikin huɗun: layin daidai ne, launin ba daidai ba ne, bangon shuɗi ne, wanda ya kwafa ba ya gani. Ya lalubi wurin ya sa hannu a ƙasa. Ya kuma sa ta rubuta sunanta a bayan duk waɗanda ta yi a shekarun nan, ya tafi da ita ofis da kansa ya faɗi gaskiyar abin da ya faru. Ya roƙi a ba ta gurbinsa. Aka karɓe su da mutunci, aka ce ba a taɓa ɗaukar mace a wannan aikin ba, za a duba. Ba a kira ta ba. Ta koma zana 'yan ƙananan masu rawa a kan mafitai tana sayar wa baƙi a bakin ƙofa.

Shi kuwa bai sake taka Pompei ba. Wani likita a Napoli ya yi masa aiki a ido ɗaya, idon ya kumbura ya mutu gaba ɗaya, likitan ya ce ba za a taɓa ɗayan ba. Da safe Orsola takan kai shi bakin teku ta zaunar da shi kan wani tsohon jirgi da aka kife, kusa da masu fenti, yana shaƙar warin kwalta. Wata takwas bai yi mini magana ba. Duk ranar Lahadi bayan coci nakan je in zauna a ɗaya gefen jirgin, in yi gaisuwa, ya yi kamar iska ce ta wuce, in tashi in tafi.

Wata Lahadi ina zama sai ya ce, "Har yanzu kana nan da muninka?"

Na ce, "Ya ma ƙaru."

Ya ce, "To ka ga makanta ma da ranarta." Ya miƙo hannu na sa masa taba. Daga ranar muka koma hira, ta kifi, ta tsadar mai, ta wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Sau ɗaya na ce masa an tono sabon gida mai jan bango a Pompei. Ya ɗaga hannu ya ce, "Kumpa, in kana son zama a nan, ka bar wannan a can." Ban ƙara ba.

Shekarar da kwalara ta shigo daga Napoli, ta bi layinmu gida-gida. Liborio ya kwanta da safe, kafin washegari da rana ya cika. Lokacin ba a barin kowa ya raka gawa. Keken ya zo, mutane biyu da ƙyalle a hanci suka ɗauke shi tare da wasu huɗu daga layin, aka zuba su rami ɗaya aka watsa farar ƙasa. Katifarsa da tufafinsa aka ƙone a tsakiyar titi. Ni da Orsola muna tsaye bakin ƙofa, soja ya gitta bindiga ya hana mu matsawa.

Bayan shekara biyu ta auri wani kafinta, mutumin kirki mai 'ya'ya biyu da matarsa ta tafi a annobar, suka shiga jirgi zuwa Ajantina. Na raka su tashar jirgin ruwa a Napoli. Tana gab da hawa ta juyo ta ce, "Kawu, ranar tunawa da matattu ka riƙa kai masa fitila. Ni na yi nisa."

Ina kaiwa. Ramin babba ne, ciyawa ta rufe shi, ba wanda ya san gefen da aka sa wane. Nakan ajiye ta wajen katanga inda iska ba ta kashewa da wuri, in tsaya har gwiwoyina su gaji, in kama hanyar gida.